Bes Ɗin da Ya Ratsa Hannaye

Idan aka saki sauti biyu masu kauri a lokaci guda, ɗaya yana girgiza iska sau 55 a daƙiƙa, ɗayan sau 56, kunne ba zai rarrabe su ba. Abu ɗaya zai ji, yana kumbura yana sacewa, sau ɗaya a kowace daƙiƙa. Wani lokaci igiyoyin biyu kan jera kafaɗa da kafaɗa sai ƙarfinsu ya haɗu, can kuma ɗaya ta ɗan wuce 'yar'uwarta sai su riƙa cin juna. A buɗa tazarar ta kai uku, numfashin ya koma sau uku a daƙiƙa. Masu saita fiyano sun daɗe da sanin wannan numfashi. Shi suke kasa kunne su ji, su yi ta ɗaure igiya har ya ɓace, domin a wurinsu alamar rashin daidaito ce. Wasu kuwa a kansa suka kafa kiɗan da ya haura shekara talatin ana yi.

A 1988, a birnin Ditroit na Amurka, Kevin Saunderson ya fitar da wani faifai mai suna "Just Want Another Chance". Shi da abokansa na sakandaren Belleville, Juan Atkins da Derrick May, su ake jingina wa kafa kiɗan tekno. A wannan shekarar ce ƙungiyarsa Inner City ta saki "Big Fun" da "Good Life", waƙoƙin annashuwa da suka cika gidajen rawa na Turai. Wancan faifan na gefe ne, bai ma sa masa cikakken sunansa ba, Reese kawai ya rubuta, gutsuren sunansa na tsakiya, Maurice. A cikinsa akwai wani bes, wato sautin ƙasa mai kauri, da ya murɗo daga wata na'urar Casio ta dangin CZ, sauti mai duhu, mai gurnani, mai wannan kumburi da sacewa. Da a ce bes ɗin ya tsaya a Ditroit, da yau masu tara tsofaffin fayafai kaɗai ke tunawa da shi.

Bai tsaya ba. A farkon shekarun 1990 matasan Landan, da yawansu 'ya'ya da jikokin mutanen da suka zo daga Jamaika da sauran tsibiran Karebiyan, suna ƙera wani kiɗa da aka kira jangul: ganga mai gudu fiye da bugu 160 a minti, ƙarƙashinta bes mai tafiyar ƙasaita irin na gidajen sautin Kingston. Babban makaminsu samfila ce, wato na'urar da ke ɗaukar guntun sauti ta baza shi a kan maɓallai, kowane maɓalli da kaifinsa. Akai S950, wadda ta fito a 1988, ƙwaƙwalwarta ba ta kai megabait ɗaya ba sai an ƙara mata, kuma da ma'auni 12 take auna sauti, faifan CD kuwa da 16. Duk abin da ya shiga cikinta yakan fito da ɗan tsakuwa-tsakuwa a murya. A 1994 Ray Keith, da sunan Renegade, ya fitar da "Terrorist" a kamfanin Moving Shadow, ya ɗora bes ɗin Saunderson ƙarƙashin yankakkiyar ganga. Daga nan sautin ya zama kayan kowa, sunan da ke jikin faifan farko kuma ya bi shi. Har yau a situdiyo cewa ake a sa wa kiɗa Reese, kuma da yawa cikin masu faɗar haka ba su san sunan mutum suke ambata ba.

Samfila ba ta san kiɗa ba, gudu kawai ta sani. In ana son sauti ya yi kaifi sai ta sake shi da sauri, in ana son ya yi kauri sai ta ja shi a hankali. Ninka kaifi yana nufin rage tsawo da rabi, kuma duk motsin da ke daskare a cikin sautin, buɗewar matatar da ke tace sassan sauti, amsa-kuwwa, har da huci da ƙurar faifai, dole ya ninka gudu tare da shi. Wannan kasawa ce ta na'ura, amma kunnen 'yan jangul ya ji wani abu a ciki. Bes ya haura sama sai ya ruɗe yana kakkarwa, ya sauko ƙasa sai ya natsu yana jan numfashi kamar dabba mai nauyi. Sautin ya samu hali.

Daga nan zuwa abin da ake kira sake ɗauka taku ɗaya ne. Tunda za a iya ɗaukar sautin wani, me zai hana mutum ya ɗauki nasa, ya sarrafa, ya ɗauki sakamakon, ya sake sarrafawa? Talauci ne ya fara koyar da hakan. Mai matata guda da akwatin ƙona sauti guda ba zai iya jera goma ba, sai dai ya bi ta cikin guda ɗin sau goma. Aikin yakan tafi kamar haka. Mai haɗa kiɗa ya danne maɓalli ɗaya na tsawon minti ɗaya ko biyu, ɗaya hannun yana murɗa matata yadda ya ga dama, na'ura tana ɗauka. Sai ya zauna ya saurari abin da ya fito. Mafi yawansa shara ne. Amma wani wuri a tsakiya akwai rabin daƙiƙa da hannu ya goce, sautin ya yi wata karkata da ba a shirya ba. Wannan zai yanke, ya zuba a samfila, ya saukar da shi ƙasa, ya ƙona shi, ya juya shi ya fara daga ƙarshe, ya sake ɗauka, ya sake zama ya saurara. Zagaye uku, biyar, wani lokaci har ya manta adadin.

Dalilin da ya sa zagayen ke haifar da sabon abu yana cikin ƙunar. Idan aka tura sauti cikin na'ura fiye da ƙarfinta, kan igiyar yakan daɓe, kuma wannan daɓewar tana haifar da 'ya'ya a sama: daga 55 a samu 110, da 165, da 220, haka har can inda sauti ke zama tsiwa. In sauti biyu suka shiga ƙunar tare, ban da 'ya'yan kowanne har da 'ya'yan gaurayensu, na jimla da na bambanci. Numfashin nan da ke ɓoye a ƙasa sai ya bazu ko'ina. Matata ta gaba ta samu abin sassaƙa wanda da babu shi, ƙuna ta gaba kuma ta samu sabuwar siffa da za ta daɓe. Shi ya sa tsarin jerin ke da muhimmanci, kuma shi ya sa mutum biyu da suka fara da sauti iri ɗaya ba sa ƙarewa a wuri ɗaya.

Kundin "Wormhole" na Ed Rush da Optical, wanda ya fito a 1998 a kamfaninsu Virus, shi ne inda nake ganin wannan sana'a ta fara tsayawa da ƙafarta. A zamanin samfilar E-mu ta samu karɓuwa wurin masu irin wannan kiɗa saboda matatunta da ke narkewa daga wata siffa zuwa wata. Marubuci Simon Reynolds ya riga ya laƙaba wa salon suna niyurofank a 1997. Bayansu wasu matasa uku daga Groningen ta ƙasar Holan, Nik Roos da Martijn van Sonderen da Thijs de Vlieger, waɗanda aka sani da Noisia, suka kai abin wani matsayi na tsafta da tsanani da ya sa tsara guda ta masu haɗa kiɗa ta zauna tana kwance sautukansu tana neman yadda aka ɗinka su.

Wanda ya girma da kaset ya san wani ɓangare na wannan labari. Kaset ɗin Shata da aka kwafa daga kwafi, wanda shi ma daga kwafi aka ɗauko shi, kaifin kalangu ya dusashe, huci ya ƙaru, murya ta yi wani kauri da ɗumi. Asara ce, ba musu. Sai dai da yawanmu a cikin wannan asarar muka fara sanin muryar, har idan muka ji tsaftatacciyar sai mu ji kamar an cire mata wani abu. Bambancin shi ne mai kwafar kaset ba ya zaɓar abin da zai ɓace. Mai sake ɗauka yana zaɓa, ko aƙalla yana zaɓar wace ɓarna zai riƙe.

Dabarar ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba, kuma ɗaya daga cikin tushenta a nahiyarmu yake. A 1944, a Alƙahira, wani ɗalibi mai suna Halim El-Dabh ya ari na'urar ɗaukar murya a kan zaren ƙarfe daga gidan rediyo, ya ɗauki waƙoƙin taron zar, al'adar da duk wanda ya san bori zai gane danginta, har a Sudan akan haɗa sunayen biyu. Ya koma situdiyo ya riƙa bi da muryoyin matan ta ɗakin amsa-kuwwa yana sake ɗauka, yana danne tushen sautin yana barin abin da ke shawagi a samansa. Shekara huɗu ke nan kafin Pierre Schaeffer ya fito da gwaje-gwajensa na ƙarar jiragen ƙasa a Faris. A 1969 Alvin Lucier na Amurka ya karanta wani ɗan bayani a cikin ɗaki, ya ɗauka, ya saki abin da ya ɗauka a cikin ɗakin, ya sake ɗauka, ya yi ta maimaitawa har kalmomin suka narke, abin da ya rage sai amon ɗakin kansa yana bin rangajin maganar. Lucier yana da i'ina, kuma cikin abin da ya karanta ya ambaci son goge wannan tuntuɓen harshe. A Kingston kuma, a situdiyonsa Black Ark, Lee Perry da na'ura mai layi huɗu yake aiki. In layukan suka cika sai ya tattara su ya zube a kan ɗaya ya samu fili, ya sake cikawa, ya sake tattarawa. Wannan hazon da ke lulluɓe da fayafansa na tsakiyar shekarun 1970 daga nan wani ɓangarensa ya fito.

Abin da ya fi riƙe ni shi ne dalilin da ya sa ake ci gaba da yi bayan talaucin da ya haifi dabarar ya kau. Kwamfutar yau tana iya jera matata hamsin ba ta yi nishi ba, kowace a buɗe, kowace ana iya komawa a gyara ta gobe ko baɗi. Duk da haka manhajar Ableton Live, wadda aka fara fitarwa a Balin a 2001, tana da mashiga ta musamman don ɗaukar abin da ita kanta take fitarwa, Serum kuma, ta Steve Duda, wadda ta fito a 2014, tana iya haɗiye sautin da ta yi ta mayar da shi iri na sabon sauti. Masu aikin suna neman wannan ƙofa da kansu. A ganina suna neman abin da yalwa ta ƙwace musu, wato yanke shawara. Muddin kowane maɓalli yana buɗe, sautin bai zama komai ba tukuna, niyya ce kawai da ake ta juyawa. Ranar da aka ɗauke shi ya zama tsararren sauti, an rufe hanyar komawa. Ba sauran tambayar yadda aka yi shi, sai tambayar me za a yi da shi. Magana zarar bunu ce, kuma wannan rashin komawar ne ke ba ta nauyi. Na yarda da mai kiɗan da ya yarda sautinsa ya fita daga hannunsa haka, ya dawo masa a matsayin baƙo, ya saurare shi da kunnen da zai saurari aikin wani.

Akwai kuma wani abu da ke faruwa bayan zagaye da yawa wanda ya shafi harshe kai tsaye. Abin da ke bambanta wasali da wasali a bakin ɗan Adam tudu biyu ne na ƙarfi a cikin sautin, waɗanda siffar baki da matsayin harshe ke ƙayyadewa. A wasalin "a" na namiji baligi, tudun farko yana wajen 700, na biyu wajen 1,200. A "i" na farkon ya sauka wajen 300, na biyun ya haura 2,000. Duk sautin da ke da tudu biyu masu motsi irin haka, ƙwaƙwalwa za ta ba shi maƙogwaro, ko da kuwa daga wutar lantarki ya fito. Matatun da aka bi ta cikinsu sau da yawa suna barin irin waɗannan tuddai. Shi ya sa bes ɗin niyurofank, da na dabstef irin wanda Skrillex ya kai kunnen duniya da "Scary Monsters and Nice Sprites" a 2010, ke yin kamar zai yi magana. Yana buɗe baki, yana murɗa leɓe, yana tauna wasula, amma bai taɓa kaiwa ga kalma ba.

To me yake faɗa? Na daɗe ina juya wannan tambaya. Kalma tana da ƙamus da za a koma a duba, wannan sautin ba shi da shi. Abin da yake da shi tarihin wuraren da ya ratsa ne. A faifan Ditroit, ƙarƙashin sunan da ke roƙon a ba shi wata dama, ina jin sa kamar nauyin da ke danne ƙirjin mai bege. A Landan ta 1994, ƙarƙashin gangar da ke tarwatsewa, ya koma gargaɗi, irin sanyin da ke bin bayan wuya a unguwar da ba a yarda da dare ba. A hannun 'yan Groningen ya zama injin da ya koyi fushi. Igiyoyin ba su canza asali ba, maƙwabtansu ne suka canza, da kunnuwan da ke jira. Kuma kowane sabon mai amfani yana gadon ma'anonin baya ko bai sani ba. Yaron da ya sa Reese a kiɗansa yau ya aro duhun Landan, ko da bai taɓa jin sunan Ray Keith ba. Kalmomi ma haka suke tara ƙamshi da wari daga bakunan da suka furta su, sai dai a sauti ana iya jin tabon kowane hannu a zahiri, ga tsakuwar Akai, ga ƙunar wani akwati da aka daina ƙerawa.

Zancen gado yana jawo zancen haƙƙi, kuma bai kamata a tsallake shi ba. Gangar da Ray Keith ya ɗora a kan bes ɗin Saunderson ita ce wadda ake kira Amen, 'yan daƙiƙu shida zuwa bakwai daga waƙar "Amen, Brother" ta ƙungiyar The Winstons, ta 1969. Dubban waƙoƙi sun ci abinci da ita. Wanda ya buga ta, Gregory Coleman, ya rasu a 2006 ba shi da matsuguni, bai karɓi ko sisi daga duk wannan amfani ba. Sai a 2015 wasu masu kiɗa a Birtaniya suka yi gidauniya suka tara wa jagoran ƙungiyar, Richard Spencer, kimanin fam 24,000. Bes ya tafi da sunan mai shi, ganga ta tafi da sunan waƙa ta bar makaɗin a baya. Sake ɗauka tana ƙara wa wannan matsala duhu, domin bayan zagaye na shida babu kunnen da zai iya nuna tushe. Wanda ya yi aikin shi kaɗai ya san daga ina ya fara, kuma faɗa ko ɓoyewa ya rage gare shi.

Ina da ƙorafi a kan inda sana'ar ta nufa. Yanzu ana sayar da tarin sautukan bes da aka riga aka sarrafa, ɗaruruwa a jaka ɗaya, mutum ya saya ya jera. Ba haramun ba ne, amma an tsallake wurin da ma'ana ke shiga, wato zaman sauraro da zaɓe. Wasu kuma sun ɗauka yawan zagaye shi ne gwaninta, suna ƙonawa suna matsewa har sautin ya zama haƙora zalla, ba nama ba ƙashi. Kunne yakan gaji da shi kafin minti biyu. Gwanayen da na ambata sun san lokacin ɗaga hannu, kuma sun san inda ba a taɓawa sam.

Wannan wurin shi ne can ƙasa. Kusan duk mai wannan aiki yakan raba bes ɗinsa biyu. Abin da ke ƙasa da wajen girgiza 100 a daƙiƙa akan cire shi daga cikin wahalar, a maye gurbinsa da igiya guda mai santsi, ba ƙuna, ba kakkarwa, a tsakiya daidai tsakanin lasifikar dama da ta hagu. Akwai dalilai na aiki. Numfashin da ke da daɗi a sama, in ya sauko nan, yana nufin ƙarfin kiɗan zai riƙa ɓacewa yana dawowa a tsakiyar rawa. Allurar da ke yanka faifan garmaho ba ta jure bes mai yawo tsakanin dama da hagu. Igiyar sauti mai girgiza 40 a daƙiƙa kuma tsawonta ya haura mita takwas, ta fi ɗakuna da yawa tsawo, ƙirji da cinya ke karɓarta kafin kunne ya gama tantancewa. Duk haukan da ake yi a sama, a kan wannan shimfiɗa marar ado yake zaune.

Mafi yawanmu a nan ba za mu taɓa jin wannan shimfiɗa ba, domin a waya muke sauraro, kuma 'yar lasifikar waya ba ta iya motsa iskar da 55 ke bukata. Abin mamaki shi ne muna jin bes ɗin duk da haka. Idan kunne ya samu 220 da 275 da 330, ƙwaƙwalwa takan lura cewa tazarar da ke tsakaninsu 55 ce, sai ta cike tushen da bai iso ba. 'Ya'yan da ƙuna ta haifa su ke kai saƙon uwar. Wannan na cikin dalilan da suka sa bes ɗin amapiano na Afirka ta Kudu, mai ƙwanƙwasa a baki da kauri a gindi, ya ratsa wayoyin Legas da Kano cikin sauƙi, kuma matsala ɗaya ce ke gaban yaron da ke haɗa kiɗa da manhajar FL Studio a wani shago a Kaduna da wanda ke Bristol. Dukansu, kafin su saki aiki, sukan tura shi cikin waya, su ajiye ta a kan tebur su kunna. In bes ya ɓace, sai a koma a ƙara wa rabin na sama ƙuna, a sake ɗauka, a sake gwadawa.